Ikkilisiyarmu ta rabu, gwiwata ta yi sanyi: in tashi ko in zauna?

Tambaya: Baba, ina gaisuwa. Ni ƴar Zumuntar Mata ce a wata ikkilisiya cikin garin Maraɗi. A cikinta aka yi mani baftisma, a cikinta aka ɗaura mani aure. Ruwan ƙarshen watan Agusta na 2024 ya kayar da bango guda na majami'armu, muka yi ta tara kuɗin gyara, wasu mata har awakinsu suka sayar. Yau ga shi bango bai tashi ba, kuɗin kuma babu mai faɗin inda suka shiga. Dattawa sun rabu biyu, wasu na bayan fasto, wasu na bayan ma'aji, jama'a da yawa sun daina zuwa. Maigidana ya ce shi da majami'ar nan sai in gawarsa aka kai. Ni ina zuwa, amma in an ta da waƙa bakina ba ya buɗuwa, addu'a ma ta gagare ni. Kowa sai ya ce in yi haƙuri. Bangaskiyata ce ta mutu? Zunubi ne in koma wata ikkilisiya?

Amsa: Ɗiyata, na amsa gaisuwa, Ubangiji ya sa albarka. Bari in ba ki amsa a taƙaice kafin dogon bayani. Bangaskiyarki ba ta mutu ba, rauni aka ji maki. Komawa wata ikkilisiya ba zunubi ba ne a kan kansa, amma ban ba ki shawarar ki tashi yanzu ba, cikin wannan gajiya, tun ba a taɓa maganar kuɗin ta hanyar da ta dace ba. Masu ce maki ki yi haƙuri kuwa, rabin magana suka faɗa maki.

Na daɗe cikin aikin ikkilisiya, na kuma zauna zaman sulhu a gari da ƙauye, don haka na san dalilin da ya sa irin wannan ciwo ke yi mana zafi fiye da yadda yake yi wa Kiristan wasu wurare. Ƙidayar 2012 ta nuna Musulmi sun haura kashi 99 cikin ɗari na mutanen Nijar. Mu ƴan kaɗan ne. Wanda ke zaune a Jos, in ya yi fushi da majami'arsa, ya tsallaka titi ya shiga wata, babu mai tambayarsa. A Maraɗi ikkilisiya ita ce dangi. Ita ke zuwa suna, ita ke haɗa maki gudummawar biki, cikinta ɗiyarki za ta samu miji, ita ke haƙa kabari. Ga wanda danginsa suka juya masa baya saboda ya bi Almasihu, ba shi da kowa bayanta. Matar ma'aji ƙawarki ce, ƴaƴan fasto lakwal ɗaya suke da naki, a famfo guda kuke ɗiban ruwa. Shi ya sa in ta tsage, ba wurin sujada kaɗai mutum ke rasawa ba. Dawuda ya san wannan. A Zabura 55, daga aya 12 zuwa 14, cewa yake da maƙiyi ne ya ci mutuncinsa da ya jure, amma abokinsa ne, wanda suke hira mai daɗi, suke tafiya Haikali tare cikin taro. Ki karanta ta yau da dare, za ki ji kamar a unguwarku aka rubuta ta.

Mun sha wuya daga waje, kuma ba ta yi mana irin wannan lahani ba. A watan Nuwamba na 2000, lokacin tarzomar ƙin bikin nuna tufafi na FIMA, an far wa majami'u a nan garin. Ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015, bayan zanen ɓatancin da wata jarida ta Faransa ta buga, mutum 10 suka rasa rayukansu a Damagaram da Yamai, ƴan sanda kuma suka ƙirga majami'u 45 da aka ƙona a Yamai kaɗai. A Yunin 2019 aka cinna wa majami'ar Assemblées de Dieu ta unguwar Zariya wuta. Abin da na lura da shi bayan kowace irin wannan musiba shi ne, jama'a na ƙaruwa ranar Lahadi. A kafa rumfa, a shimfiɗa tabarmi, a yi waƙa ana hawaye, wanda ya shekara bai zo ba ma sai ki gan shi. Kada mu manta kuma, a irin ranakun nan akwai maƙwabta Musulmi da suka ɓoye Kirista a ɗakunansu. Amma bayan rigimar cikin gida, benci ne ke zama fayau. Dalilin a fili yake. Tun muna makarantar Lahadi an koya mana cewa a duniya za mu sha wahala, an karanta mana Yahaya 16:33, tsanani bai zo mana ba-zata ba. Abin da ba a shirya mu a kansa ba shi ne ranar da dattijon da ke miƙo maki ƙoƙon Jibin Ubangiji zai kalli idonki ya faɗi abin da kike zaton ƙarya ce.

Laifinmu ne masu wa'azi, don Littafi Mai Tsarki bai ɓoye wannan ba ko kaɗan. Rigima ta farko a ikkilisiyar Urushalima, a Ayyukan Manzanni sura 6, ba a kan koyarwa ta tashi ba. A kan rabon abinci ta tashi. Masu bi da ke jin Helenanci suka yi gunaguni cewa ana tsallake matansu da mazansu suka mutu a rabon yau da kullum, ana fifita na Ibraniyawa. Dubi wannan da kyau: manzannin da suka ci abinci da Yesu su ke shugabanci, Ruhu Mai Tsarki bai daɗe da sauka ba, amma ga zargin son kai a kan kwanon tuwo. Me manzannin suka yi? Ba su hau mumbari sun tsawata wa masu gunaguni ba, ba su ce a yi azumin kwana uku a manta ba. Sun tara jama'a duka, suka ce ku zaɓi mutum bakwai da ake shaidar halinsu, mu danƙa masu wannan aiki. Kuma in kin duba sunayen bakwai ɗin, su Istifanas da Filibus da sauran, duk sunayen Helenanci ne, abin da ke nuna daga ɓangaren masu kuka aka fi ɗauko su. Aka cire hannun masu wa'azi daga rabon, aka sa na waɗanda jama'a suka yarda da su. Aya ta 7 ta ce daga nan Maganar Allah ta yi ta haɓaka. Gyaran tsari ne ya kashe wutar, kuma Littafi bai ɗauki gyaran tsari a matsayin abin da ya gaza ruhaniya ba.

Bulus da Barnaba ma sun yi saɓani mai zafi a kan Markus har suka raba hanya, Barnaba ya ɗauki Markus suka nufi Kubrus, Bulus ya ɗauki Sila. Shekaru bayan haka, Bulus yana kurkuku yana roƙon Timoti ya zo masa da Markus ɗin nan don yana da amfani a gare shi. A Filibi mata biyu ne, Afodiya da Sintiki, waɗanda suka yi fama tare da shi cikin aikin bishara, suka ɓata har labari ya kai masa a ɗaure. Zo mu zauna, zo mu saɓa, tun farko haka take.

Tarihinmu na nan ma haka ya nuna. Mishan ɗin SIM, wata ƙungiyar masu wa'azin bishara daga ƙasashen waje, sun fara aiki a Damagaram a 1924, suka kafa tasha a Tsibiri a 1927, daga baya Maraɗi, sannan asibitin Galmi a 1950 da na kutare a Danja. Ikkilisiyar da ta fito daga wannan aiki, EERN, wato Ikkilisiyar Bishara ta Jamhuriyar Nijar, ta tsaya da ƙafafunta a daidai lokacin da ƙasa ta samu ƴancin kai. Daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon na 1990 ta dare, aka samu wasu ɗariku biyu, UEEPN da ikkilisiyar Salama. Ba a kan baftisma aka rabu ba, ba a kan ko wane ne Yesu ba. Maganar shugabanci ce da tafiyar da dukiya. Yau ga su suna zama inuwa guda cikin haɗaɗɗiyar ƙungiyar mishan da ikkilisiyoyin bishara na Nijar, wato AMEEN, ƴaƴansu na auren juna. Ban kawo wannan don in ce rabuwa ba komai ba ce. Akwai gidajen da ƴaƴansu suka ga abin da manya suka yi wa juna, suka fita, ba su sake shiga kowace majami'a ba har yau, kuma wannan asara ce da ba a mayar ba. Na kawo shi don ki san cewa tsofaffin matan da kike gani a sahun gaba da zanen Zumunta sun ratsa irin abin da kike ciki, wasu ma wanda ya fi shi, kuma ga su har yau suna kaɗa tulu ana waƙa.

To, mu koma kan haƙuri. Haƙuri da mutane wajibi ne: kada ki zagi, kada ki rama, kada ki yanke wa kowa hukunci tun ba a bincika ba. Amma yin shiru a kan kuɗin da gwauruwa ta sayar da akuyarta ta bayar, wannan ba ya cikin abin da Allah ya nema gare ki. Muna da wata al'ada ta kunya da ke sa mu ga tambayar lissafi kamar cin fuska ne ga babba. Bulus bai gan ta haka ba. Lokacin da yake tara gudummawa daga ikkilisiyoyin Makidoniya da Akaya don matalautan Urushalima, bai sa kuɗin a jakarsa ya ce ku amince da ni, ni manzo ne ba. A 2 Korintiyawa 8, daga aya 18 zuwa 21, ya aiki Titus tare da wani ɗan'uwa da ikkilisiyoyi da kansu suka zaɓa ya raka kuɗin, ya kuma faɗi dalili: don kada kowa ya samu abin zargi, yana so abin ya zama daidai a gaban Ubangiji, ya kuma zama daidai a idon mutane. In manzo Bulus ya nemi a sa masa ido, babu fasto ko ma'aji a Maraɗi da ya fi ƙarfin a tambaye shi.

Ga yadda ake yi a inda abin ke tafiya daidai. An tashi sujada, ba a fita da kwandon baiko daga ɗakin ba. Mutum uku, waɗanda ba gida ɗaya suka fito ba, su zauna a bencin gaba, a juye kwandon a kan tebur. A ware ƴan dala goma, ƴan dala ashirin, a jera takardun jikka-jikka, ɗaya ya ƙirga da ƙarfi, na biyu ya sake, na uku ya rubuta a littafi mai lambar shafi, duka su sa hannu. Ranar Litinin kuɗin su shiga asusu, kuma ba a fitar da ko dala sai da sa hannun mutum biyu. Kuɗin gini daban da na yau da kullum. Buhun siminti in an saya, a kawo takardar shago a liƙa. Duk wata uku a karanta wa jama'a abin da ya shigo da abin da ya fita, da Hausa, a fili, ba a yi ta da Faransanci cikin sauri don tsofaffi su kasa bi ba. Fasto kuwa ya nisanci riƙe kuɗi, don kare kansa ne. Aikin nan bai kai rabin awa ba, amma yawancin rigimar da na zauna sulhunta, da an yi shi da ba ta taso ba.

Bari in faɗa maki wani abu da zai rage maki zafi, ko da yake ban san gaskiyar abin da ya faru a wurinku ba sai an buɗe littafi. Sau da yawa in aka tona, ba sata ake tararwa ba. Ki tuna halin da aka shiga bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023: ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta sa takunkumi, aka rufe iyaka da Najeriya, aka yanke wutar da ke zuwa daga can, kuma kin san Maraɗi da hanyar Ɗan Isa da Jibiya take numfashi. Ba a ɗage takunkumin ba sai Fabrairun 2024, kafin mutane su farfaɗo ga ambaliya. Baiko ya ragu, zakka ta ragu, fastoci da yawa sun yi watanni ba a biya su ba. Sai a ranci kuɗin gini a biya fasto da niyyar a mayar. Matar wani dattijo ta kwanta asibiti, a ranta. Wani ɗan ikkilisiya ya zo da kuka, a ba shi bashi ba takarda. Kafin a ankara kuɗi sun zube, kayan gini sun ƙara tsada, kunya ta hana kowa fitowa ya ce ga abin da muka yi. Shirun ne ke haifar da zargi, zargi ya haifi ɓangare. Wannan ma laifi ne, don an taɓa amana ba da izinin masu ita ba, amma maganinsa mai sauƙi ne: a faɗa, a nemi gafara, a tsara yadda za a mayar. Wani lokaci kuma sata ce tsagwaronta. In haka ne, mai laifi ya biya, ya sauka daga muƙami, a sa shi ƙarƙashin horon ikkilisiya. A gafarta masa da zuciya ɗaya in ya tuba, amma gafara ba ta ce a sake miƙa masa mabuɗin asusu ba.

Abin da za ku yi ku mata ke nan, kuma kada ki raina ƙarfinku, don kowa ya san Zumuntar Mata ce ke riƙe da yawancin ikkilisiyoyinmu. Ku zauna da shugabarku, ku rubuta takarda gajera zuwa ga majalisar dattawa. Kada a ambaci sunan kowa, kada a ce an ci. Ku ce kawai: mun ba da gudummawar gini, muna roƙon a karanta mana rahoto a taron ikkilisiya, a rana kaza. Ku sa hannu ku da yawa, har da matan ɓangarorin biyu in zai yiwu, ku ajiye kwafi. In an yi biris da ku, ku kai maganar ga shugabannin yanki na ɗarikarku, ku roƙi a turo mutane daga waje, waɗanda ba su da dangi a cikin rigimar, su duba littafi. Matakan da Yesu ya shimfiɗa a Matiyu 18 ke nan, daga ƙaramin zama zuwa babba. 1 Timoti 5:19 ta hana karɓar ƙara a kan dattijo sai da shaidu biyu ko uku, aya ta 20 kuma ta ce wanda aka samu yana zunubi a tsawata masa a gaban kowa. Mutane kan riƙe ɗaya su saki ɗaya, gwargwadon ɓangaren da suke. Ku riƙe duka biyun.

Sai kuma wayar hannu. Saƙon murya na WhatsApp ya rusa zumunci a garin nan fiye da yadda ruwa ya rusa katanga. In an turo maki muryar wani yana tona asirin wani, ta mutu a wayarki.

Yanzu ke kanki, da bakin da ya ƙi buɗuwa. Iliya ya ga wuta ta sauko a Dutsen Karmel, bai jima ba ya gudu jeji saboda barazanar Yezebel, ya zauna gindin wani itace ya ce ya isa, Ubangiji ka ɗauki raina. Ki karanta 1 Sarakuna 19 ki ga abin da Allah ya fara yi masa. Bai yi masa faɗa ba, bai tambaye shi ina bangaskiyarsa ba. Ya bar shi ya yi barci, mala'ika ya tashe shi ga abinci da tulun ruwa, ya ci ya sake kwanciya, aka sake tashinsa ya ci. Sai da jiki ya dawo aka yi magana, a nan ne kuma aka gaya masa ba shi kaɗai ya rage ba, akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba. Ke ma ki ci, ki yi barci. In akwai aikin da kike riƙe da shi a Zumunta da ya yi maki nauyi, ki roƙa a sauke maki na ɗan lokaci, ba ja da baya ba ne. In kuwa kin ga barci ya ƙaurace maki makonni, abinci ba ya shiga, kina kuka ba dalili, ko tunanin gara mutuwa na zo maki, ki gaya wa maigidanki ko wata babba da kika amince da ita, ku je a ga likita. Ciwon damuwa ciwo ne, ana maganinsa, kuma shan magani bai hana addu'a ba.

Addu'ar da ta gagare ki, wataƙila irin wadda kika saba ce ta gagara, ta godiya da murna. Akwai wata. Kusan kashi ɗaya cikin uku na Zabura kuka ne da ƙorafi, ana ce wa Allah har yaushe, don me ka ɓoye fuskarka. Zabura 88 ma har ta ƙare babu haske a cikinta, amma Ruhun Allah ya bar ta cikin Littafi don ranaku irin naki. In ba ki da kalmomin kanki, ki ari nasu: 13, 42, 55, 73, ɗaya kowace safiya, da murya, ko zuciyarki ba ta bi ba. In wannan ma ya gagara, Romawa 8:26 ta ce ba mu san yadda za mu yi addu'a ba, Ruhu da kansa ke roƙo dominmu da nishin da ba ya faɗuwa. Waƙa kuwa kada ki tilasta wa kanki. Ki zauna, waɗanda ke iyawa su rera, ki saurara. Wata rana ke za ki rera wata ta saurara.

Ayuba, a tsakiyar makokinsa, ya ce akwai sa zuciya ga itacen da aka sare, zai sake toho, ko saiwarsa ta tsufa a ƙasa, da ya ji ƙanshin ruwa sai ya tsiro. Mu mutanen Maraɗi mun ga wannan da idonmu. A farkon shekarun 1980 gonakinmu sun zama fili, an sare komai, dashen itatuwa kuma ya ƙi kamawa. A 1983 wani ma'aikacin SIM ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƴan tsirran da manoma ke sassabewa duk shekara ba ciyawa ba ce, tohon kututturen itatuwa ne masu rai a ƙasa. Bayan yunwar 1984 dabarar ta bazu, ita ce ake kira sassabin zamani: ba ka dasa sabo, kana zaɓar rassa kaɗan masu ƙarfi a kan kututturen sabara ko kalgo, ka datse sauran, ka kare su daga dabba da gatari. Da haka aka farfaɗo da fili mai faɗin kadada miliyan 5 a ƙasar nan. Ke ma yanzu ba lokacin riƙe komai ba ne. Zaɓi kaɗan ki tsare: Zaburarki ta safe, zuwa sujada ranar Lahadi ko a bencin baya za ki zauna, da gaisuwa.

Gaisuwar nan ina so in tsaya a kanta, don ita ce aka fi saurin yankewa kuma ita ce ta fi wuyar ɗaurawa. Kin hango matar ma'aji a kasuwa wajen masu tumatir, kin ga ta gyara lulluɓi ta kau da kai kamar ba ta gan ki ba. Ki ƙarasa, ki ce ina kwana, ina gajiya, yaya yara, yaya mai jiki. Ko ta amsa a daƙile, kin yi naki. In an yi rasuwa a gidan wani na ɗaya ɓangaren, ki ɗauki tiyar hatsinki ki je, ki zauna a tabarma tare da mata, ki taya wanke kwanuka. Ba sai kin ce komai a kan rigima ba. Zumunta a ƙafa take. A zaman sulhun da na gani ya yi nasara, kusan kullum sai in tarar akwai wasu mata da ba su taɓa daina shiga gidajen juna ba, su suka bar ƙofar da maza suka bi suka dawo. Inda aka daina zuwa jana'izar juna kuwa, ko an karanta rahoton kuɗi ya fito tsaf, ba a cika komawa ɗaki ɗaya ba.

Maigidanki kada ki mai da shi abin yi wa wa'azi. Rantsuwar da ya yi ta ɓacin rai ce, wataƙila kuma ya san wani abu ko ya ba da abin da ya fi ƙarfinsa. Ki roƙe shi abu guda: ya ci gaba da jagorantar addu'ar gida da dare, ko ta minti biyar ce. Ki nemi wani dattijo da yake jin nauyinsa, ko daga wata ikkilisiya ne, ya riƙa leƙo shi a sha shayi, ba don a ja shi majami'a ba. Kuma ku yi yarjejeniya, ba a yanka naman fasto ko na ma'aji a gaban yara lokacin cin tuwo. Yara ba sa rarrabe tsakanin dattijon da ya yi laifi da Allahn da dattijon ke wa'azinsa.

Akwai lokacin da tashi ya zama daidai, ba zan ɓoye maki ba. In kun bi matakan nan duka, shugabannin yanki sun zo ko sun ƙi zuwa, aka ce ba za a buɗe littafi ba har abada, aka kuma fara horon masu tambaya maimakon masu riƙe da amana, kina da hanya. In mumbari ya koma wurin habaici, kowace Lahadi ana jifan ɓangare guda da aya, har ƴaƴanki ba sa jin bishara sai faɗa, kina da hanya. In aka fara sayar da addu'a, ko mai da ruwan albarka, ko ana nuna wata tsohuwa ana ce ita ce mayyar da ta hana gini tashi, ko wani shugaba na taɓa mata da yara ana rufewa, wannan kada ma ki jira, na ƙarshen kuma magana ce ta hukuma, ba ta majalisar dattawa kaɗai ba. Abin da Ibraniyawa 10:25 ta hana shi ne barin taruwa da masu bi. Ba ta ɗaure ki a gini guda ba.

In ta kai ga haka, ki fita ta ƙofa. Ku yi shawara da maigidanki, ku je wurin dattawa ku yi sallama, ku faɗi dalili cikin ladabi, ku nemi takardar shaida zuwa inda za ku. Kada ki bi gida-gida kina jan mata su biyo ki, kada kuma ku buɗe sabuwar majami'a a zauren wani don fushi, garin nan ya ga irinsu da yawa. Ki guji wurin da za a tarbe ki da zagin inda kika fito, don gobe ke za a zaga. Ki zauna ƴan watanni kina saurare kafin ki karɓi wani aiki, ki ga ko ana buɗe Littafi ana bin sa aya-aya, ki ga yadda suke yi da gwauraye da marasa lafiya. Kafin kuma ki sa sunanki a littafinsu, ki tambayi ɗaya daga cikin matan wurin yaushe rabon da a karanta masu rahoton kuɗi.